Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Ranar da Kaka ya rasu ba a buga ƙarfen makaranta ba, kuma da haka ƙauyenmu ya sani. Matan da suka yi sammakon gona sun ce sun yi ta kasa kunne har rana ta ɗaga. Can ɗaya ta ajiye fartanya ta ce wa sauran, “Yau ƙarfen Malam bai yi magana ba.” Ba su jira ɗan aike ba, suka kamo hanyar gida da laka a ƙafa. A bakin ƙofar ɗakinsa aka same shi zaune, ya riga ya sa hula, guntun rodin da yake bugu da shi yana kan cinyarsa.

Ni ina Samaru lokacin, ina shekara ta uku a jami'a. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, don haka ta wata ƙawata mahaifina ya kira. Bas ta bi da ni ta Palladan ta sauke ni a Kwangila, daga nan na hau acaɓa muka miƙa bayan Zabi, masara ta yi duhu dama da hagu. Duk tsawon hanyar ban yi kuka ba. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, wa zai ce mini “amarya ta iso” idan na sauka?

Na tarar gida ya cika. Matan zumuntar coci suna tsakar gida cikin zane iri ɗaya, suna waƙa ƙasa-ƙasa. A waje, ƙarƙashin rumfa, ga mutanen da ban taɓa zaton akwai abin da ya haɗa su ba. Akwai wani tsohon soja, da wani dattijon bakanike daga unguwar PZ wanda baƙin mai ya zauna masa a farce, da limamin ƙauyen da ke tsallaken rafi, wanda ya zo da jama'arsa suka shimfiɗa tabarma a gefe. Aka yi ta “ya haƙuri”, aka yi ta “Allah ya ba shi hutawa”, har gaisuwa ta ƙare aka shiga labari.

Bakaniken ne ya fara. Ya miƙe tsaye, ya ɗora hannun dama ta saman kansa, ya kamo kunnen hagu.

“Haka fa ake shiga makarantar Malam! Ni sau biyu yana korata. A na biyu na ɗan karkace wuya don ya kai, ya ce, ‘Kai, miƙe! Ba a karkace ake shiga aji ba.’”

“Kai ai ba laifin hannu ba ne,” in ji sojan. “Kan ne ya yi yawa. Har yau ma da ƙyar ya kai.”

Rumfa ta ɗauki dariya. Sai ga tsofaffi masu furfura kowa ya ɗora hannu a ka yana laluben kunnensa, har da Liman, wanda sai da ya ture rawaninsa. Suna cikin dariyar sojan ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suka shiga rawa.

A zamaninsu babu takardar haihuwa. Idan ranar ɗaukar sababbin yara ta zo, da hannu ake auna su. Wanda yatsunsa suka taɓa kunne ya isa shiga aji, wanda bai taɓa ba sai baɗi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Gwaggo, yayar mahaifina, 'yar farin Kaka, ta fito da tiren tuwo daidai lokacin da hannaye suke sama. Ta dube su, ta dire tiren da ƙarfi har miya ta fantsama, ta koma ciki. Hannaye suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ke wurin ya san dalili.

Da la'asar mahaifina ya same ta a bakin murhu. Ina gefe ina wanke kwanuka.

“Yaya, kin san inda ya ce a sa shi. Gefen tsohon aji, cikin makaranta. Fada na coci ya yarda, hedimasta ma ya yarda.”

“To, madalla.”

“Ke ce babba. Ke za ki fara zuba ƙasa.”

Ta gyara itace a wuta. “Zan raka shi har bakin darbejiya. Daga nan ku da kuka yi boko ku ƙarasa da shi.”

“Haba Yaya, a idon jama'a?”

“Na farkon ma a idon jama'a aka yi.”

Layin darbejiya shi ne iyakar makarantar. Gwaggo ta haura hamsin da daɗewa, kuma tun tana yarinya ƙafarta ba ta ƙara ƙetare wannan layi ba. Idan ta zo daga Sabon Gari, ta bayan gonaki take zagayowa, ko da ruwa ake yi. Saura kwana biyu a binne shi, ga kabarin ana haƙawa a inda ba ta shiga.

Sai na ɗan koma baya, don wanda bai san Kaka ba ya san wanda muka rasa.

A gidan Maguzawa aka haife shi, gidan noma da farauta. Yana saurayi ya tafi cirani Sabon Gari, yana dako a tashar jirgin ƙasa. A can ya samu wurin kwana kusa da shagon wani kafinta Ibo, ɗan Katolika, wanda yakan zana masa baƙaƙe da ƙusa a kan ɓarin katako idan aiki ya lafa. Kaka yakan ce, “Na tafi neman abin aure, na dawo da abacada.” Ya yi baftisma, ya koyi katakisim, Fada ya mayar da shi ƙauyensu a matsayin katakis, mai koyar da addini. Wa'azi kawai aka aiko shi. Makaranta kuwa shi ya ƙirƙiro abarsa, don ya ce ba zai yi ta karanta wa mutane Littafi suna kallon bakinsa har abada ba.

Ƙarƙashin wata ɗorawa da ke bakin gonar mahaifinsa aka fara. Allon, wani faffaɗan katako ne da kafintan ya ba shi, ya shafe shi da gawayi. Yara a ƙasa suke rubutu da yatsa. Inuwar ɗorawa tana juyawa, aji yana binta, har ya zama wanda ya fara karatu a yamma da itacen sai ya ƙare a gabas da shi. Ƙararrawa kuma wani guntun ƙarfen dogo ne da aka jefar, ya ɗauko shi a kan jaki tun daga Sabon Gari ya rataye a reshe.

Iyaye ba su so ba. Wa zai kori tsuntsu, wa zai kai awaki kiwo, wa zai nome kunyar yaro? Kaka bai yi musu wa'azi a kai ba. Yakan je gonar mutum bayan an tashi aji, ya tambaya, “Ina kunyar ɗanka ta yau?” A nuna masa, ya duƙa ya nome ta. Damina biyu ya yi a haka, daga wannan gona zuwa waccan, har kunya ta kama iyayen suka ce ya bari. Sojan ya ce shi dai da gumin Malam aka saye shi daga hannun ubansa, kunya-kunya.

Da yara suka yi yawa aka kira gayya. Mata suka jido ruwa daga rafi, maza suka kwaɓa ƙasa suka buga tubali, aka yi jinka. Ɗaki ɗaya ne. Litinin zuwa Juma'a aji ne, ran Lahadi sai a juya allo ya fuskanci bango, gicciyen da Kaka ya zana a bayansa ya fito, ɗakin ya zama coci. Fada yana zuwa sau ɗaya a wata a kan babur.

Sun taɓa saɓawa da Fada sau ɗaya, kuma Liman ne ya ba da labarin a rumfa, don a kansa aka yi. Mahaifin Liman da wasu mutanen tsallaken rafi sun kawo 'ya'yansu. Idan lokacin katakisim ya yi, Kaka yakan ce da su, “Ku je ƙarƙashin ɗorawa ku biya naku karatun.” Ran Juma'a kuma da wuri yake tashin aji. Fada ya zo ya gani, ransa bai so ba, ya ce ai don coci ta cika aka yi makarantar. Kaka ya cire hula ya ce, “Fada, iyayensu karatu suka ba ni su in koya musu. Yadda aka ba ni amana haka zan mayar.” Ranar Fada bai ci abincin da aka dafa masa ba. Wata na zagayowa ya dawo da kwalin alli a bayan babur, bai ƙara tayar da maganar ba.

Akwai wata al'ada tasa da duk wanda ya yi makarantar ya sani. Sau biyu yake buga ƙarfe. Na farko na kowa ne. Idan yara sun shiga layi sai ya tsaya ya duba hanyoyi, ya sa hannu ya kare rana. In ya hango yaro ko da can nesa ne, yana fitowa daga cikin dawa, sai ya buga na biyu, kowa ya tsaya yana jira. “Ba a fara aji da yaro a hanya,” haka yake cewa. Wanda ya makara zai sha faɗa, wani lokaci har da tsumagiya, amma ba zai taɓa tarar da an fara ba shi ba.

Lokacin da gwamnati ta karɓi makarantun mishan, aka canza allon suna a bakin hanya, aka turo malamai masu takardar shaida. Kaka ba shi da ita. Ya tattara littattafansa ba tare da gardama ba, ya je wurin sabon hedimasta da roƙo ɗaya, a bar masa ƙarfen. Aka bar masa. Hedimastoci suka zo suka tafi, ajujuwan bulo da kwano suka tashi, coci ta samu nata ginin a cikin gari, mahaifina ya yi karatu a wurin har ya dawo ya koyar, ni ma na zo na wuce. Tsohon ajin ƙasa ya koma wurin ajiye karyayyun bencina. Ƙarfen dai na Kaka ne kowace safiya.

Ni a wurinsa amarya ce. “Amarya, me kika kawo wa angonki daga Samaru? Ko wani ɗan jami'a ya ƙwace mini ke?” In ce, “Tsoho, wa zai zauna da mai haƙori uku?” Ya ce huɗu ne, in zo in ƙirga. Yakan sa in karanta masa 'yan waƙoƙin da nake rubutawa a bayan littafi. Ya rufe ido ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya karɓi littafin ya duba ya ce, “Maganar ta yi daɗi. Rubutun ne kamar kaza ta bi ta kan alli.”

Wani hutu muna ɓarar gyaɗa a inuwar tsohon aji, na tambaye shi abin da ba a tambaya a gidanmu. Na ce me ya shiga tsakanin Gwaggo da makarantar nan? Ya daɗe yana murza ƙwaya ɗaya a hannunsa.

“Shekarunta takwas cif,” ya ce. “Ni na rubuta ranar haihuwarta a bayan littafin addu'ata. Duk ƙauyen nan ita kaɗai ce aka san shekarunta. Amma kin ga gidanmu, gajeru ne mu, hannunmu ma haka.”

Ya ce ranar ɗaukar yara ce, tun ana ƙarƙashin ɗorawa ba a gina ajin ba. Da safen nan ya riga ya mayar da ɗan mai unguwa, kuma mai unguwa bai tafi ba, yana tsaye yana kallo. Sai ga Gwaggo a layi, da sabuwar riga da uwarta ta ɗinka mata, an yi mata kitso. Abacada kuwa ta riga ta haddace ta daga jin yara. Ta ɗora hannu, ta miƙa, ta yi ɗage. Abin da ya rage bai fi ƙwayar gyaɗar nan ba.

“Ta ce mini a hankali, ‘Baba, ai ka san shekaruna.’ Na ce, ‘A nan ba Baba ba ne, Malam ne. Sai baɗi.’”

Kafin baɗi uwarta ta rasu, ta bar jariri, wato mahaifina. Gwaggo ta goya shi. Baɗin ta zo tana da goyo a baya, wata baɗin ma haka. Da ya yi ƙafa, ƙanwar uwarta ta tafi da ita Sabon Gari ta koya mata kasuwa. Yau Gwaggo tana da rumfar busasshen kifi, tana ciniki da Ibo da yarensu, da Yarbawa da nasu, ba mai iya cutarta ko da ƙwandala. Amma idan takarda ta zo, sai ta nemi mai karanta mata.

“Tun daga shekarar ban ƙara auna ɗan kowa da hannu ba,” in ji Kaka. “Duk wanda ya iya zuwa da ƙafarsa na karɓe shi.”

“Ka ba ta haƙuri?”

“Na faɗa wa Fada a wurin ikirari, ban san sau nawa ba. Ita ce na kasa. Da na buɗe baki sai ta miƙo mini abinci.”

Gaskiya ne. Ba ta taɓa barinsa da yunwa ba. Duk wata tana tafe da kifi da sabulu da magani, ta wanke masa kaya, ta yi masa faɗa a kan goro. Komai tana ba shi, ban da wannan magana.

A shekararsa ta ƙarshe tunaninsa ya fara yawo. Yakan manta sunayenmu, yakan nemi mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ƙarfen ne kaɗai bai taɓa mantawa ba. A hutun Ista ina ɗakinsa Gwaggo ta shigo da kunu. Ya ɗaga kai ya dube ta, fuskarsa ta washe.

“Yarinya, matso nan. Ɗora hannu mu gani.”

Ta tsaya da kwanon a hannu.

“Ɗora mana. Ina jin bana ya kai.”

“Baba, sha kununka kada ya huce.”

Ta ajiye ta fita. Na hango ta a bayan rumbu, ta daɗe tsaye tana kallon bango. Wannan ne ganin ƙarshe da na yi musu tare.

Da safen jana'iza na same ta tana daura ɗankwali, na faɗa mata duk abin da ya gaya mini ranar ɓarar gyaɗa. Na ɗauka zai sauko da ita. Ta saurara har na gama, ta ce, “Ya gaya wa Fada, ya gaya wa jika. Ni ce bai san hanyar rumfata ba?” Ta ja ƙullin ɗankwalin ta fita.

Aka yi Mas a coci, aka ɗauko akwati a kafaɗa zuwa makaranta. Matan zumunta a gaba da waƙa, 'yan makaranta sun yi layi biyu cikin kayan makaranta. Mahaifina ya buga ƙarfen sau ɗaya da akwatin ya shigo, karo na farko cikin kwana uku. Gwaggo ta raka shi har bakin darbejiya kamar yadda ta ce, ta ja ta tsaya. Jama'a suka rabu biyu suka wuce ta. Na so in tsaya tare da ita, ta ce, “Wuce, angonki ne.”

Aka saukar da shi a gefen tsohon aji. Fada ya yi addu'a, ya yayyafa ruwa, ya dubi mahaifina don a zuba ƙasar farko. Mahaifina ya waiwaya. Tana can ita kaɗai, ƙarama cikin farin zane, tsakanin itatuwa biyu. Ya sunkuyar da kai, ya duƙa zai ɗebi ƙasa.

“A dakata.”

Bakaniken ne. Babu ko alamar wasa a muryarsa.

“Ranka ya daɗe Fada, a yi haƙuri. Malam ba ya fara aji da yaro a hanya.”

Sojan ya gyara tsayuwa kamar a fareti. Liman da jama'arsa, da suke tsaye daga gefe, suka juya suka fuskanci hanya. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya juya, har ƙananan yaran da ba su san abin da ake jira ba. Mahaifina ya zubar da ƙasar da ya ɗiba, ya taka zuwa ɗorawa, ya ɗauki rodin Kaka ya buga na biyu.

Ƙarar ta daɗe tana yawo a kan masara kafin ta mutu. Muka jira. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji kukan kurciya, na ji wani jariri yana neman nono. Sa'an nan na ga Gwaggo ta gyara zanenta, ta ɗaga ƙafa ta ƙetare saiwar darbejiya.

Ba ta yi sauri ba. Ta bi ta tsakiyar layin yara, idonta a ƙasa, har bakin kabari. Ta leƙa akwatin. Sai ta ɗaga hannun dama, gajeren hannun nan mai ƙanshin kifi, ta ɗora shi ta saman ɗankwali, ta kamo kunnen hagu ta riƙe.

“Ga shi, Malam,” ta ce. “Ya kai.”

Ta duƙa ta ɗebi ƙasa da hannu biyu ta zuba. A nan ne muryarta ta karye, ta kira shi Baba, ta sake kira, mu ma duk muka fashe.

Ubangiji ya karɓi wannan tsoho yadda ya riƙa karɓar masu makara, ya ba shi inuwar da ba sai an bi ta ba.

Da aka fara watsewa ina tsaye ina kallon tudun jar ƙasa, sai na ji an taɓa mini kafaɗa. Gwaggo ce, ta share fuska, tana duban ƙofar tsohon aji.

“Ke 'yar boko, je ki karɓo mabuɗi wurin hedimasta. Ban taɓa ganin cikinsa ba.”